Na Je Sudan Wa'azi, Aka Miƙo Mini Buta

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Daga Gadarif nake rubuto muku wannan shaida, garin riɗi da dawa a gabashin Sudan, ba nisa da iyakar Habasha. Tun da labari ya isa gida cewa akwai wani ɗan ikilisiyarmu da ya ƙi shiga motar gudu lokacin da yaƙi ya ɓarke a Hartum, saƙonni suke ta shigo mini ana kirana gwarzon bangaskiya. An ce har zumuntar matan ƙauyenmu sun saka ni a waƙa. Shi ya sa na ga gara in faɗi abin da ya faru da bakina tun yabon bai kumbura mini kai ba, don na san kan nawa, ba ya buƙatar yisti mai yawa.

A wani ƙauye kusa da Malumfashi aka haife ni. Kakana Bamaguje ne. Kuturta ta kama shi yana saurayi, aka kai shi Babbar Ruga a Katsina, inda 'yan mishan na SIM suke jinyar kutare a wancan zamani. Ya sha gaya mana cewa shi bai taɓa gane wa'azin Baturiyar da ke musu magani ba, don Hausarta kamar mai tauna tsakuwa. Abin da ya gane shi ne, takan zauna a ƙasa ta ɗora ƙafarsa mai gyambo a kan cinyarta, ta wanke, ta naɗe, ba ta ko yatsina fuska. "Nan na ce ko wane ne Ubangijin matar nan, ni ma shi zan bi." Haka gidanmu ya shiga bin Yesu. Ni kuwa da ya fara wannan labari sai in sulale. Wane yaro ne yake so a ce masa jikan kuturu?

Allah ya ba ni murya da baki. A makarantar Littafi Mai Tsarki, in na hau bagadi har malamai sukan gyara zama. Na sa rai ina gamawa za a ba ni majami'a a birni, sai aka tura ni wani ƙauye mai masu bi goma sha ɗaya, rabinsu tsofaffi masu gyangyaɗi. Shekara ɗaya da rabi na yi na ajiye. Da gwamnatin Umar al-Bashir ta faɗi a watan Afrilun 2019, wani abokina ya ce ana neman malamin Turanci a wata makarantar kuɗi a kudancin Hartum. Na gaya wa kowa cewa Ubangiji ya kira ni zuwa ga Hausawan Sudan. Akwai gaskiya a ciki, ban musa ba. Amma akwai kuma hoton da nake gani in na rufe ido: ni tsaye cikin kogin Nilu ina yi wa mutane baftisma, ana ɗaukar bidiyo ana turawa gida.

Na sauka a ƙarshen 2019, na kama ɗaki a unguwar Mayo, gidan wani dattijo da kowa ke kira Baba Alhaji. Bahaushe ne, amma bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. A Mai Wurno aka haife shi, garin da ke bakin Shuɗin Nilu kudu da Sinnar. In ya zauna kan gadonsa na igiya da yamma yana kurɓar gahawa, ba shi da hira sai ta asali: yadda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, yadda ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka yi gabas a ƙafa da niyyar Makka, suka yada zango, zangon ya zama gari. Kakansa na cikin ayarin yana yaro. Shi kuma ya ci ƙuruciyarsa wajen tsinkar auduga a gonakin Jazira, daga baya ya koma Hartum ya kafa teburin agashe, tsire ne dai irin namu da ƙuli da yaji, har ya gina gida ya je Hajji sau biyu. Hausarsa tsohuwa ce, Larabci ya yi mata faci nan da can. Larabawa kuwa har gobe Fallata suke ce musu, ko Takari, kamar jiya suka iso.

Ranar Lahadi ta farko ya gan ni da littafi a hammata, ya tambayi ina za ni. Na faɗa masa. Ya daɗe yana kallona. "Bahaushe? Nasara?" Ya ce shekararsa saba'in da 'yan kai bai taɓa jin haka ba, a wurinsu Bahaushe da Musulmi kalma ɗaya ce. Bai kore ni ba, don ya riga ya karɓi kuɗin wata shida, kuma mutum ne mai riƙe magana. Amma daga ranar aka ware mini moɗata a bakin randa, aka ɗaura mata jan zare. Sunana ya koma Malam Nasara.

Majami'ar da na samu ta mutanen Duwatsun Nuba ce, ginin laka da rufin kwano, da Larabci ake sujada. Na miƙa wa fasto takardun shaidata. Ya karɓa da hannu biyu, ya yaba, sannan ya ce Larabcina bai nuna ba tukuna, kafin ya nuna ko zan taimaka da jera bencina da cika randuna? Shekara uku ina jera benci. A 2020 gwamnatin riƙon ƙwarya ta soke hukuncin kisa kan ridda, na ce to ga ƙofa ta buɗe. Ko mutum ɗaya bai shigo ta hannuna ba.

Abokiyar aikina wajen benci wata gwauruwa ce mai sayar da shayi a bakin titi, muna ce mata Mama. Yaƙin da ya tashi a Kordofan ta Kudu a 2011 ne ya cinye mijinta ya koro ta Hartum. Ba ta iya karatu ba. Ita ke share majami'a, ita ke wanke masai. Nakan yi mata bayanin ayoyi muna aiki, ta ce "sah, sah," ta ci gaba da shararta. A raina ni ne malaminta.

A 2022 rikici ya tashi a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin a kan ƙasa da sarauta. An fara a watan Yuli wajen Damazin da Rusairis, aka sake a Oktoba a Wad al-Mahi. Babban ɗan Baba Alhaji, wanda ya je can noma, yana cikin waɗanda ba su dawo ba. Kwana tara da zuwan labarin Baba ya faɗi a bakin masallaci, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Hajiyarsa ta riga ta rasu. Ɗaya ɗan yana Jidda yana aikin ƙarfi, ba shi da takardun da zai fita ya koma. Gidan ya rage daga matar marigayin sai 'ya'yanta uku, babbansu ɗan shekara goma sha biyu. Maƙwabta ke karɓa-karɓa wajen ɗaga shi da kai shi bayi, don kun san suruka ba ta buɗe tsiraicin surukinta. Ni nakan leƙa in ce "Sannu Baba, Allah ya ƙara sauƙi," in wuce makaranta da gogaggiyar rigata.

Sai ranar Asabar 15 ga Afrilun 2023, cikin azumi. Da safe muka ji kamar ana fasa duwatsu. Sojan gwamnati na Janar Burhan da dakarun RSF na Hamidti, waɗanda mutane ke kira Da'ama, sun juya wa juna bindiga a tsakiyar birni. Wuta ta ɗauke, famfo ya ƙafe, maƙwabta suka fara ɗaure kaya. Wajen ƙarshen watan aka ce gwamnatin Najeriya ta yi hayar motocin safa za su kwashe ɗalibai da sauran 'yan ƙasa zuwa iyakar Masar. Na rubuta sunana, na haɗa jakata. Na shiga yi wa Baba sallama, na tarar da jikan nan nasa yana ta kokawar juya shi, zanin gado ya ɓaci, ƙudaje sun cika ɗaki. Baba ya juya fuska bango don kunya, ya ce da karkataccen bakinsa, "Sauka lafiya, Malam Nasara. Ka gaida mutanen Hausa."

Na fita. Ina so ku ji wannan da kyau: na fita, jaka a kafaɗa.

A bakin layi na haɗu da Mama tana tattara kujerun shayinta. Na yi mata ban kwana. Ta ce, "Tsohon fa? Wa zai riƙa juya shi?" Na ce, "Mama, ba ubana ba ne. Yana da 'yan'uwansa Musulmi. Ni uwata tana can tana kuka." Ba ta yi mini wa'azi ba, da ta yi, da na fi ta iyawa. Cewa ta yi, "Kwayyis, Allah ya kai ka lafiya." Ta ɗauki bahonta da sabulu, mace mai shekara sittin da ciwon gwiwa, ta nufi ƙofar gidanmu tana ɗingishi.

Na yi tafiya ta kai ta minti ashirin. Ban ji wata murya daga sama ba, ban ga wahayi ba. Kunya ce ta riƙe mini ƙafa, kunyar a ce jikan mutumin Babbar Ruga ya bar wa tsohuwa wannan aiki. Na juyo ina gaya wa kaina kwana biyu ne, in an samu wani sai in bi ayari na gaba. Ayari na gaba ya tafi, na bayansa ma ya tafi.

Wanda bai yi jinyar shanyayye ba bai san tsawon dare ba. Duk bayan awa biyu sai an juya shi, in ba haka ba fatar ƙugu da ta diddige su zama gyambo. Nasa sun riga sun fara. Mama ta koya mini wanke su da tafasasshen ruwan gishiri, a shafa zuma in an samu. Ga kasko, ga wankin zannuwa, ga ruwan da sai an saya wurin masu amalanken jaki, kullum kuɗin ganga na hawa. Kunu cokali-cokali, ka yi sauri ya ƙware. Makon farko amai nake ta yi a bayan ɗaki. Kuma kada ku zaci tsoho ne mai godiya. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Hannuna ya cika sanyi, kunu ya cika zafi, na sace masa kuɗin ƙarƙashin matashi. Ran nan ya fesa mini kunu a fuska. Mutumin da ya ciyar da unguwa da hannunsa, yau wanda yake wa kallon arne ne ke yi masa tsarki. Daga baya na gane ba da ni yake faɗa ba, amma a lokacin ba ni da wannan hankali.

Abin da ya fi damun lamirina shi ne alwala. Baba bai yarda salla ta wuce shi ba. Hannun hagu kaɗai ke aiki, ba zai riƙe buta ya kuma wanke ba, ƙafa kuwa ba ya kai gare ta. Ya ce in zuba masa. Na tsaya da buta a hannu ina tunani: ni mai bishara, in taya mutum shirin sallar da ba tawa ba? Na kai wa Mama ƙara. Ta dube ni kamar yaron da ya tambaya ko ruwa na jiƙa mutum. "Kai ruwa za ka zuba, ƙafa za ka wanke. Sallar tasa ce, tsakaninsa da Allah. Ubangijinka bai wanke ƙafa ba?" Daga ranar, sau biyar a yini, sai fa in ruwa ya yanke ya yi taimama, ina durƙushe gaban gadon igiya ina cuɗa tsakanin yatsun ƙafar Baba Alhaji har idon sawu, in ja gadon ya fuskanci alƙibla, in fita in ba shi wuri. Na yi wa'azi a kan Yohanna sura 13 ya fi sau goma a gida, har da kawo baho gaban bagadi ranar Alhamis kafin Ista, in wanke ƙafafun dattawan da suka riga suka wanko su tas daga gida. Ban san ƙafa tana da kaushi da faso da wari ba sai a Mayo.

Kafin wata biyu kuɗina ya ƙare. Matasan unguwa suka buɗe abin da suke kira takiyya, tukunyar taimakon jama'a, ana dafa wake a raba. Na ɗauki roba na shiga layi cikin mata da yara. Wani yaro Bahaushe ya nuna ni yana dariya: "Ga Malam ya zama almajiri!" Maganar ta soke ni, sannan ta zauna mini. A Littafinmu na Hausa ai da wannan kalma ake kiran su Bitrus da Yohanna. Shekara nawa ina cewa ni almajirin Yesu ne, ban taɓa haɗa kalmar da ƙoƙon bara ba, da yaron da ya bar gidan ubansa, yake kwana inda malam ya ce, yake cin abin da aka ba shi.

A watan Yuni luguden wuta ya matso unguwarmu, muka samu babbar mota mai zuwa Madani, tafiyar da ba ta kai kilomita 200 ba amma ta ci mana yini biyu. Mama ta ƙi binmu, ta ce akwai tsofaffin majami'a da ba su da kowa. A wani shinge masu bindiga suka sauke mu. Ba zan ce na wane ɓangare ba ne. Yara ne, wasunsu ba su girmi ɗalibaina ba. Suka ga fasfo ɗina na Najeriya, suka ce sojan haya ne ko ɗan leƙen asiri. Suka kwantar da ni kan kwalta mai zafi. Gindin bindiga ya same ni a kunnen hagu, har yau ba na ji da shi sosai. Ina kwance da jini a baki sai na ji wata karkatacciyar murya daga bayan mota, da ƙarfin da ban san ya rage masa ba: "Da waladi! Da waladi!" Wato ɗana ne. Ya yi ta maimaitawa yana dukan jikin mota da hannunsa mai lafiya har babbansu ya gaji ya ce a ƙyale ni. Waya da agogo dai sun tafi.

Da dare na ce, "Baba, na gode. Ashe ni ɗanka ne." Ya ce, "Ƙarya na yi. An yarda a yi ƙarya don ceton rai. Gyara mini matashin nan."

A Madani aka ba mu kusurwar wani aji a makarantar firamare, mu da iyalai huɗu, an raba da zannuwa. A watan Oktoba na ari wayar wani na buɗe saƙonnina, na tarar mahaifiyata ta rasu, an binne ta kwana goma sha ɗaya da suka wuce. Ƙanwata ta rubuta cewa har ta cika tana tambaya ko motar Sudan ta iso. A ƙasan wannan ga saƙon kawuna: iyayen yarinyar da nake nema sun dawo da kayan gaisuwa, sun ce ba za su ajiye 'yarsu tana jiran wanda ba a san ranar dawowarsa ba. Ban ga laifinsu ba.

A daren Baba ya kira ni wajen ƙarfe ɗaya, ya ɓata shimfiɗa. Ina jinsa. Na juya baya na yi kamar barci nake. Ya kira "Malam," ya kira "Malam Nasara," ya kira sunana na gaskiya da ban taɓa jin ya faɗa ba. Ina kwance ido biyu ina ce wa Allah: uwata ta mutu ba na kusa saboda mutumin nan, ya kwana a ciki ya ji in da daɗi. Har gari ya waye. Da na tashi na ga gyambon da muka yi wata da watanni muna lallaɓawa ya sake buɗewa, sallar asuba kuma ta wuce shi, karo na farko tun da na san shi. Bai zage ni ba. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Ina cikin wanke shi ya ce, "An ce mahaifiyarka ta rasu. Allah ya ba ka haƙuri. Ni na tsare ka. Ka yafe mini." Na kifa kaina a bakin tabarma na yi kukan da na kasa yi jiya. Wannan dare ba ya cikin waƙar zumuntar mata, ina roƙo a ƙara shi.

A Luka 9:23 Ubangiji ya ce mai son binsa ya ƙi kansa, ya ɗauki gicciyensa kowace rana. Da a kan "gicciye" nake ɗaga murya, don kalma ce mai daɗin faɗa a lasifika. "Kowace rana" ɗin ce ban taɓa lura da ita ba. Duka a shinge sau ɗaya ne, har ma yana da daɗin bayarwa a labari. Kasko kuwa kullum ne, ba mai tafa maka.

Akwai sauran abu guda da na ɓoye a ƙasan zuciya, Baba ne ya tono shi. Duk wankin nan da nake yi, ina lissafi. Ina cewa wata rana zuciyarsa za ta narke kamar ta kakana, ya ce yana son Ubangijina, in kai shi kogi. Shaidar ma na riga na tsara ta a kaina, har da inda jama'a za su ce halleluya. Nakan ba shi labarin Yesu in yana cikin daɗin rai, ya saurara, ya ce "Annabi Isa, alaihissalam," ya kawo nasa. Wata rana ina cuɗa masa ƙafa ya ce, "Malam, in tambaye ka. Wankin nan, tsaba ce kake watsa wa kaza?" Na ce ban gane ba. Ya ce, "Ka gane. Ni a kan kalmar shahada zan mutu, in Allah ya yarda. In ka tabbata haka ne, gobe za ka ɗauko butar?"

Na kwana ina juyi. Ina so ya san Yesu, wannan ban ji kunyarsa ba, har yau ba na ji. Wanda ya ga rijiya a hamada bai kyauta ba in ya yi shiru. Amma na ga ba ransa kaɗai nake nema ba. Rasiɗi nake nema, abin da zan nuna a gida in ce ga abin da uwata da kunnena da aurena suka saya. Na tuna a daren da ya ci abincin ƙarshe da almajiransa Yesu ya wanke ƙafafun mutum goma sha biyu, har da na Yahuza, yana sane sarai inda ƙafafun za su nufa in an tashi. Da asuba na ɗauko buta. Na ce, "Baba, ba zan daina yi maka addu'a ba, ba zan kuma ɓoye maka ba. Amma ruwan nan ba na sayarwa ba ne." Ya ce, "To zuba, lokaci na wucewa."

A Disambar 2023, mako guda kafin Kirsimeti, Madani ta faɗa hannun RSF. Garin da ya ɗauki 'yan gudun hijirar Hartum shi ma ya watse. Baba ya ce a kai shi gida. Muka yi kudu zuwa Sinnar, wani wuri a amalanke, wani wuri a ƙafa, na goya shi da zanin surukarsa kamar jariri. Lokacin bai fi rabin buhun gero nauyi ba. Daga bayana yake nuna mini magudanan ruwan Jazira, yana cewa nan ya tsinki auduga shekara kaza. Kirsimeti a hanya ta same ni, ban ma tuna ba sai da yamma.

A Mai Wurno dangi suka karɓe mu hannu bibbiyu, ko da yake kowane gida ya cika da baƙi. Ranar da muka isa aka kawo ruwa a moɗa, Baba ya sha, ya miƙo mini. Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba. Na ga yanzu ga maza 'yan'uwansa, na ce aikina ya ƙare. Ya ƙi hannun kowa. Wani ɗan ƙaninsa ya yi gunaguni kan yadda za a bar Nasara yana zuba wa Alhaji ruwan alwala. Baba ya ce, "Lokacin da Nasaran ke kwashe kashina kana ina?" Ba a sake ta da maganar ba.

Ya rasu a Fabrairun 2024, cikin makonnin da layukan waya suka ɗauke a ƙasar, don haka ɗansa na Jidda bai ji ba sai daga baya. Kansa na kan cinyata, liman na gefe yana laƙanta masa kalmar shahada, ya kuwa faɗe ta. Wankan gawa ba nawa ba ne, na sani, na fita na ba su wuri. Na roƙa a ba ni diga. Ni da samari uku muka haƙa kabarin cikin baƙar ƙasa mai tauri. Da suka yi sahu za su sallace shi na koma gindin wata darbejiya na tsaya ni kaɗai, na yi tawa addu'ar. Wani zai tambaye ni, to Baba yana ina yanzu? Na san abin da Littafi ya ce game da hanya, ban kuma ɓoye masa ba. Amma ba a ba ni kujerar alƙali ba, buta aka ba ni. Na bar shi a hannun Mai shari'ar dukan duniya, wanda ba ya zalunci. Ina kuma kewarsa, har da zagin.

Da Sinja, babban birnin jihar da Mai Wurno take ciki, ta faɗa hannun RSF a ƙarshen Yunin 2024 jama'a suka sake watsewa, na biyo su Gadarif da surukar Baba da yaran. Damina ta zo da kwalara. Wata cibiyar killace masu cutar tana neman masu kwashe bokitai, aikin da ba a rububinsa. Da suka tambaya ko na taɓa yi, na ce ina da horon wata goma. Nan nake har yanzu. Na iya haɗa ruwan kulorin mai ƙarfi na bokiti da mai sauƙi na wanke hannu, na iya haɗa ruwan gishiri da sukari, ƙaramin cokali shida na sukari da rabi na gishiri a lita ɗaya. Ranar Lahadi ina zuwa wata ƙaramar majami'a. Larabcina ya nuna yanzu, wani lokaci sukan ba ni bagadi. Ina hawa, ba na ƙi, amma wa'azin ba ya wuce minti goma sha biyar.

Sai bayan sojoji sun karɓe Hartum a Maris ɗin 2025 na sami labarin Mama. Tana raye, ta rame, biyu daga cikin tsofaffinta sun mutu a hannunta, tana dafa wake a takiyya. Da aka haɗa mu a waya, ban gama gaisuwa ba ta ce ina cin abinci kuwa?

Masu tambaya yaushe zan dawo gida, ina so in ga kabarin uwata, zan kuma zo in Ubangiji ya buɗe hanya. Yaran nan uku ne ban ga wanda zan bar wa ba tukuna. Ku yi mini addu'a kan zafin rai, don har yanzu akwai daren da mara lafiya ke kira in ji ƙafata ta yi nauyi. Ku yi wa Sudan addu'a, Musulminta da Kiristocinta.

Butar tana wurina. Surukarsa ce ta miƙo mini bayan addu'ar bakwai, ta ce Baba ya ce a ba Malam. Ta roba ce, shuɗiya, ta tsage a gindi na liƙe da wuta. Tana bakin ƙofar cibiya, da ita nake zuba wa masu jinya ruwa su wanke hannu kafin su fita.